Yadda Babur Ɗina Ya Ci Rigar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta tsakiyar damina ba, kuma ko da na yi niyyar mantawa, akwai mutanen wani ƙauye a bayan Sandamu da suka ɗauki nauyin tuna mini har ƙarshen rayuwata. Ranar ce na kai surukina ɗaurin aure a kan babur, shi kuma babur ɗin a kan amalanken shanu. Na san kun fara murmushi. Ku dakata, don wannan ba shi ne abin kunyar ba, wannan hanya ce kawai ta zuwa wajensa.

Ni malamin dabbobi ne, aikina yawon rugage da ƙauyuka tsakanin Daura, Dutsi da Sandamu, ina yi wa shanu da tumaki allura. Hanyoyin da nake bi yashi ne da rani, taɓo da damina, don haka na sayi babur irin na shiga daji, na hannu, mai dogayen ƙafafu da tayoyi masu gurzi-gurzi. Saboda tsayinsa mutane suka sa masa suna Raƙumi. Ni kaina da nake da ɗan tsayi, da yatsun ƙafa nake taɓa ƙasa in na tsaya. Ku riƙe wannan maganar, za ta yi amfani a gaba.

Ina da wata cuta, kuma ba irin wadda nake yi wa shanu magani ba ce: karambani. In na kalli abu sau biyu a waya, shi ke nan na zama gwani. Na taɓa kwance keken ɗinkin maiɗakina Rabi don in gyara mata shi, har yau akwai wasu notuna uku a cikin gwangwani da ba mu san inda suka fito ba.

To, a wannan daminar cen ɗin Raƙumi, wato sarƙar da ke juya tayar baya, ya gaji. Ya saki, yana ƙara, wani lokaci ina cikin hawan tudu sai ya tsallake haƙori, babur ya yi tuntuɓe kamar an ja shi ta baya. Na kai shi wajen Tasi'u, bakaniken da ke gyara mini shi a bakin kasuwar Daura. Ya tsuguna ya ja cen ɗin da yatsa, sannan ya nuna mini sifiroket, wato faifan ƙarfen nan mai haƙora da cen ke hawa a kai. Haƙoran sun cinye, sun yi tsini sun karkace gefe guda.

"Likita, abu uku ne, kuma tare ake canza su," in ji shi. "Cen, ƙaramin sifiroket na gaba, da babba na baya. In ka sa sabon cen a kan tsohon haƙori, wata guda ba zai yi ba. Naka sha huɗu ne a gaba, arba'in da biyar a baya. Ka kawo saiti guda daidai da haka, in ɗaura maka, ka kama gabanka."

Magana ce mai sauƙi. Amma ni a satin na kalli wasu masu tsere a waya suna bayani cewa in ka ƙara yawan haƙoran baya, babur zai ƙara ƙarfin ja a cikin yashi. Gaskiya ne kuwa. Abin da ban tsaya na saurara ba shi ne haƙori biyu ko uku suke nufi. Ni kuma na ce in uku na da amfani, ai ashirin sai ya fi.

Na shiga shagon wani mai sayar da kayan gyara da ke shigo da kaya ta iyakar Kongolam. Ina shiga na hango shi a jikin bango, wani ƙaton sifiroket, faɗinsa kamar faifan rufe ƙwarya, mai shagon ya rataye makullansa a jikin haƙoran. Na ƙirga, haƙori sittin da biyu. Na tambaye shi na wane babur ne.

"Wallahi Likita ban sani ba. A cikin kaya ya zo, shekara da shekaru yana nan, ba wanda ya taɓa tayawa."

Mai hankali a nan zai juya. Ni kuwa sai na ji kamar ni ya daɗe yana jira. Na saye shi, na haɗa da ƙaramin na gaba mai haƙori sha biyu (don na ji an ce rage na gaba ma yana ƙara ƙarfi), da cen guda biyu, tunda na ga ɗaya ba zai zagaye wannan dodo ba.

Tasi'u ya juya shi gaba da baya, ya miƙo mini abina.

"Hannuna ba zai ɗaura wannan ba. Ramukan noti ba su dace ba, cen ba zai kai ba, sannan murfin cen ba zai koma ba. Kuma murfin nan ba ado ba ne, Likita. Mutane kake goyawa."

Na ce masa matsalar bakanikanmu ke nan, ba sa bincike. Na faɗi haka da bakina, a gaban mutane. Allah Ya yafe mini.

Ranar Alhamis na yi aikin da kaina a tsakar gida. Mai walda ya huda mini sababbin ramuka. Na haɗa cen biyu na yanke ragowar. Akwai wani ɗan siririn makulli da ke riƙe mahaɗar cen, wanda in an zare shi cen ke rabuwa cikin sauƙi. Ina ƙoƙarin danna shi ya yi tsalle ya faɗa cikin yashi, ni da Rabi muka tankaɗe rabin tsakar gida ba mu gan shi ba (har yau ina zargin wata kazarmu). Sai na koma wajen mai walda na ce ya like mahaɗar gaba ɗaya, na ce ai hakan ma ya fi ƙarko. Murfin cen kuwa ya ƙi shiga kamar yadda Tasi'u ya faɗa, na jefa shi a kan akurkin kaji. 'Yar jakar sifanu ma da na gama na bar ta a nan gefensa.

Yanzu bari in gabatar muku da surukina. Baba dattijo ne mai sayar da shanu, mai ƙarancin magana. Shekara bakwai ina auren 'yarsa, amma in aka tara duk maganar da ta taɓa shiga tsakaninmu ba za ta cika shafi guda ba. In na je gaishe shi, takalmi a waje, in tsuguna daga nesa, ni ina kallon ƙasa shi yana kallon bango. Bai taɓa kiran sunana ba, bai ma taɓa ce mini "kai" ba. Sai dai "an zo lafiya?", "a gaida gida." Kunyar surukuta ce, na sani, haka muka taso muka gani. Amma a raina kullum ina jin kamar bai ɗauke ni a bakin komai ba, musamman da yake mijin yayar Rabi yana da mota, kuma duk wata tafiya ta mutunci shi ke kai Baba. Na daɗe ina neman ranar da ni ma zan yi masa wani abu da zai ce madalla.

Ranar ta zo. Baba yana da ƙane, Malam Sule, wanda ya rasu shekara biyu kafin nan, ya bar 'ya mace, malamar asibiti a ƙauyensu, kuma a wannan Asabar za a ɗaura mata aure da ƙarfe sha ɗaya na safe. Baba ne waliyyi. Ya yi wa marigayin alkawari yana kwance cewa shi da bakinsa zai ba da auren, ba wakili ba, kuma a cikin babbar rigar da marigayin ya bar masa. Sai aka kwana ana ruwa ranar Juma'a, fadamar da ke kan hanyar ƙauyen ta cika, aka aiko cewa mota ba za ta wuce ba. Rabi tana gama faɗa mini na miƙe tsaye.

"Ki ce wa Inna ta faɗa wa Baba, ni zan kai shi. Raƙumi ba ruwansa da fadama."

"Malam, don Allah ka mayar da murfin nan tukuna."

"Ba ya shiga."

"To ka ce wa Baba ya tattare rigarsa sosai."

"Ni? In buɗi baki in ce wa Baba ya tattare riga? Ke kin taɓa jin an yi haka?"

Ta kalle ni, ta kalli akurkin kaji.

Ƙarfe tara ina ƙofar gidan Baba. Baba ya fito cikin babbar riga fara ƙal mai aikin hannu, ta sha bugu tana ƙyalli, da carbi a hannu. Ya tsaya ya ƙare wa Raƙumi kallo. Sai da aka kawo turmi ya taka sannan ya iya hawa. Ya ɗage hannuwan rigar ya ɗora a kafaɗa yadda manya ke yi, amma na ga gefen hagu na ƙasa yana lilo, daidai wajen da haƙora sittin da biyu ke zaune tsirara. Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Da na buɗe baki, ga abin da ya fito:

"Baba, an zauna daidai?"

"An zauna. A tafi a hankali."

Na sa giya ɗaya na saki kuloc a hankali, kamar yadda na saba. Na manta yanzu ƙarfin ba irin na da ba ne, ga kuma nauyin mutum a baya. Tayar gaba ta tashi sama, muka bar ƙofar gida a kan taya ɗaya. Na ji Baba ya fara da "Bismillahi" ya ƙare da "Subhanallahi." Suruki ba ya riƙe ƙugun surukinsa ko da sama za ta faɗo, don haka ƙarfen ɗora kaya ya damƙe ta baya da hannu biyu. Tayar ta dawo ƙasa. Mun yi kamar haka ake tashi.

A kan kwalta na gane ɗaya ɓangaren lissafin da ban saurara ba. Abin da ka ƙara a ƙarfi, a gudu ake cire shi. Kafin mu fita gari na ƙare giyoyina duka, inji yana kururuwa kamar injin niƙa ya sami tsakuwa, amma bishiyoyin gefen hanya da ƙyar suke wucewa. Wani keke mai ƙafa uku ɗauke da awaki ya wuce mu, har direban ya leƙo yana tambaya da hannu ko lafiya. Mutanen da ke shan shayi a bakin hanya suna miƙewa su ga abin da ke tahowa da wannan ƙara, sai su jira, su jira, sannan mu iso.

Amma da muka sauka daga kwalta bayan Sandamu, sai raina ya dawo. Nan Raƙumi ya nuna kansa. Jiƙaƙƙen yashi, taɓo, kwazazzabo, duk yana takawa ba ya ko tari. Muka ratsa fadamar da ta hana mota kamar muna ratsa tsakar gida. Muka cim ma wani mai amalanken shanu ɗauke da 'yar ciyawa, na danna masa ham sau uku, ba don ya tare hanya ba, sai don a san na zo wucewa. A raina har na fara jin Baba yana ba da labari a zaure: "Yaron nan ashe akwai kai."

A nan ne na ji gyaran murya a bayana. Na ce zikiri yake. Can na sake ji, ya fi na farko ƙarfi. Na ce lallai yana nufin lokaci na tafiya, na ƙara murɗa totur. A na uku sai na ji babur yana rinjaya hagu, kuma hular Baba ta sauka a kan kafaɗata ta hagu. Wallahi abin da ya zo mini shi ne, bayan shekara bakwai yau Baba ya saki jiki da ni. Har wani sanyi na ji a zuciyata. Sai inji ya shaƙe, tayar baya ta ƙame, muka tsaya cak.

Na dire yatsun ƙafa na waiga. Baba yana zaune a karkace kamar wanda ke leƙen rijiya, wuyan riga ya ja kafaɗarsa ƙasa. Kusan rabin gefen hagu na rigar ya nannaɗe a bayan sifiroket, bakinta kuma ya shige tsakanin cen da haƙora ya cije.

"Ina jin abin nan ya kama riga," in ji shi, yana kallon gonar gero.

"Innalillahi! Tun yaushe, Baba?"

"Tun wajen gawon can."

Na duba. Gawon da ƙyar ake hango shi. Wato tun daga can Raƙumi ke haɗiyar rigar kaɗan-kaɗan, shi kunya ta hana shi ce mini in tsaya, kamar yadda ni ta hana ni ce masa ya tattare.

Na sauka ina riƙe da kan babur, don ƙafafun Baba ba sa kai ƙasa. Na gwada tura shi baya ko rigar za ta warware. Aka ji "ƙiii."

"A bari."

Na bari. Sannan na ce, "Baba, ko a ɗan yanke bakin..."

Shekara bakwai bai taɓa kallon tsakiyar idona ba, sai ranar. "Rigar Sule ce."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Can na sake ƙarfin hali: "To ko za a zame ta ta wuya, in an isa a mayar?"

Ya ce wa gonar gero, "'Yar cikin ba ta bushe ba." Na gane. Ruwan jiya ya hana ta bushewa, singileti ce kawai a ƙarƙashi, ga mata suna aiki a gonaki hagu da dama, ga kuma surukinsa tsaye. Wannan ƙofar ma ta rufe.

Da hannu ɗaya na laluba waya na kira Tasi'u. Na yi masa bayani ƙasa-ƙasa.

"Ba komai Likita, zare makullin cen, zai rabu, riga ta fita."

"Na like shi da walda."

"To sassauta notin tayar baya, ka tura tayar gaba, cen zai saki. Sifanunka na nan ai?"

"Suna kan akurkin kaji."

Na ji ya janye wayar daga bakinsa, amma duk da haka ina jin dariyar. Da ya dawo sai ya ce, "To Likita, sai ka yi bincike."

Ƙarfe goma da minti ashirin, saura tafiya mai ɗan dama, tayar baya ba ta juyawa, dattijo kuma a manne da babur. Na ga Baba ya saci kallon agogonsa. A nan dariya ta fita daga lamarin a wajena. Mutumin nan alkawarin mamaci ya ɗauko, ni kuma na zo na ɗaure shi a tsakiyar daji saboda ina son a ce ina da kai. Tsoro da kunya suka haɗu suka kama ni.

Sai ga ƙarar amalanke. Mutumin da na danna wa ham sau uku ne, wani dattijo mai suna Malam Iro. Ya tsayar da shanunsa, ya gaida Baba da ladabi, ya zagaya ya duba rigar, ya duba sifiroket, ya dube ni.

"Sannu mai ham. Ɗaurin auren gidan marigayi Sule za ku? To ai mai injin niƙan garin yana da sifanu. Tunda ba a raba su, sai a ɗauke su tare."

Ya ƙwala kira, manoma shida suka ajiye fartanya suka zo. Kowa ya gaida Baba, Baba ya amsa ɗaya bayan ɗaya kamar yana zaune a zaurensa. Aka ce "ya Allah," aka ɗaga babur da dattijo a kai aka ɗora cikin amalanke. Na hau na tsaya a gaba na rungume kan babur, Baba yana sama a karkace yana jan carbi, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Shanu suka ja. Kuma ku ji abin haushi, tafiyarsu ba ta yi wani nisa da tamu ta kan kwalta ba.

Sha ɗaya saura minti biyar muka shiga gari. Jama'a sun cika ƙofar masallaci a kan tabarmi. Sanƙira ya hango farar riga daga nesa ya ɗaga murya: "Ga waliyyin amarya nan tafe, a kan..." Sai ya tsaya. Ya rasa a kan me zai ce. Kai ɗari biyu suka juyo lokaci guda.

Aka aika kiran mai injin niƙa, aka ce yana gona, sai an je an taho da shi. Hadari kuma ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Liman ya matso ya tambayi Baba ko a jira.

"A ɗaura," in ji Baba. "An ce sha ɗaya."

Aka sauke mu, aka ɗauki babur aka ajiye a bakin tabarma, dab da liman. Na gwada kafe shi, ƙarfen kafewar ya nutse cikin jiƙaƙƙen yashi. Ba dabara, dole in riƙe. Na cire takalmi na tsaya, ni kaɗai ne a tsaye a cikin taron dattawa, hannu biyu a kan babur. A gefen hagunmu wakilin ango ne, wani mutum mai jiki, a gabansa buhun goro da faranti cike da dabino da alewa.

Aka fara. Wakilin ango ya nemi aure, yana ɗaga kai sama don ya ga wanda yake roƙo. Baba ya ba da shi daga kan babur. Da ya zo ambaton sunan ƙanensa sai muryarsa ta karye, ya tsaya, ya shafa ƙirjin rigar da hannunsa na dama, sannan ya ƙarasa. Ni kaina hawaye suka cika mini ido. Na ce alhamdulillahi, duk da shirmena alkawari ya cika, an tsira. Shaidu suka shaida, liman ya yi addu'a mai ratsa jiki, sannan ya ce:

"Fatiha."

Jama'a, tun ina ɗan shekara huɗu, in aka ce Fatiha hannuwana tashi suke yi. Ba sa neman izinina. Na ɗaga su duka biyu, na ma lumshe ido.

Na buɗe ido ne a kan salatin mutane. Raƙumi yana tafiya hagu a hankali, da natsuwa, Baba a kansa shi ma hannuwansa a sama. Ya sauka a cinyar wakilin ango. Kan babur ya nutse cikin buhun goro, farantin dabino ya tashi sama ya yi ruwan alewa a kan liman. Buhun kuma ya danne maɓallin ham, ga makulli na bari a kunne, sai Raƙumi ya ɗauki kuka, "fiiiiii," ba tsayawa. Ni kuwa ina tsaye a tsakiya, hannuwana har yanzu a sama, don na rasa abin da zan yi da su.

Wani ya kashe makullin. Allah Ya taimaka buhun goro ya tare nauyin, ƙafar Baba ko ƙwarzane ba ta yi ba. Yana kwance a jikin wakilin ango, hula a gefe, sai na ga kafaɗunsa suna girgiza. Na ce shi ke nan, na sa dattijo kuka a bainar jama'a, gobe sai dai a aiko a ɗauki Rabi.

Ashe dariya yake. Dariya har da hawaye, har yana dukan cinyar wakilin ango. Rabi ta ce tun rasuwar ƙanensa ba a ji dariyarsa ba.

"Ku bar shi," in ji Baba da ya samu numfashi. "Rigar nan ta saba. Mai ita ma haka yake, bai taɓa ganin inji ya ƙyale shi ba. Da Sule na nan, shi zai riga kowa dariya."

Sai taro ya fashe. Liman yana kakkaɓe alewa daga rawaninsa ya ce a sake Fatihar, amma wani ya riƙe babur.

Mai injin niƙa ya iso da sifana biyu. Minti uku bai cika ba ya sassauta taya, cen ya saki, riga ta fito. 'Yar yagewa kaɗan a baki, sai kuma sawun haƙora na baƙin mai, a jere reras tun daga ƙasa har kusa da aljihu. Mai injin ya shafa sifiroket ɗin ya ce, "Malam, ina ka samo wannan? Ai irin na injin sussukar gero ne." Da za a koma, Baba ya ce a bar babur ya huta, ya bi amalanken Malam Iro har bakin kwalta.

Ranar Litinin na tura Raƙumi wajen Tasi'u da saiti guda a leda, da murfin cen da kashin kaji a jikinsa. Bai yi mini gori ba. Ya dai ɗaga sabon sifiroket ya ƙirga haƙoran da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya har arba'in da biyar, yadda duk masu shagunan layin za su ji.

Abin da na koya ba shi da yawa. Cen da sifiroket tare ake canza su, kuma daidai da abin da aka ƙera babur da shi. Murfin cen ba ado ba ne. In za ka goya mai babbar riga, ka ce ya tattare, ko da surukinka ne, don kunyar faɗa ba ta kai kunyar amalanke ba. In kuma dattijo ya yi gyaran murya sau biyu a bayanka, ka tsaya, ba zikiri yake ba.

Baba ya aiko a ba shi sifiroket ɗin, yana nan a zaurensa yana ɗora buta a kai. Sawun haƙoran bai fita daga rigar ba, shi ma bai matsa a fitar ba, da ita yake zuwa kowane ɗaurin aure. Yanzu yana yi mini magana, har suna ya sa mini, Injiniya. Na samu abin da na shekara bakwai ina nema, sai dai da kuɗinsa. Duk taron dangi, suna ko aure, da zarar liman ya ce Fatiha, sai Baba ya ɗaga hannu ɗaya ya tsayar da jama'a, ya ce, "A dakata tukuna. A duba ko Injiniya na riƙe da wani abu."